Shofer da Tayar Lambun Dorina

Mutanen Garwa ba sa rasa abin gardama, amma ban taɓa ganin sun samu wanda ya yi musu daɗi kamar gyaran Lambun Dorina ba. Tun ranar da aka kewaye wurin da kwano, aka kafa allo mai hoton yadda zai koma, gari ya rabu biyu, ga 'yan tsoho ga 'yan sabo. Wurin wasan yara ne fa, mai lilo da ɗan jirgin ƙasa da wata ƙatuwar dorinar siminti da yara ke shiga ta baki su zamo ta baya. Amma masu gardamar duk masu furfura ne da masu shirin yin ta.

Autata Nafisatu na cikin ƙungiyarsu ta waya, wai Masoya Lambun Dorina. Ina tankaɗe ko ina tsintar shinkafa, sai ta zauna ta yi ta karanta min abin da suka rubuta, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Wannan ya ce shuɗin fentin da aka zaɓa na asibiti ne. Wancan ya ce ai kore da jan da aka saba da su ma na kwanon sha ne. Aka ce za a fasa dorina a kafa wani tsuntsu mai tsayuwa kamar ya sa kwat, wanda ba ya rayuwa sai a kan ƙanƙara. A Garwa, inda ƙadangare ma ke neman inuwa a watan Afrilu. Waɗanda suka fi zafin baki kuwa su ne 'yan garin da ke zaune a Duwala da Faransa, masu rabo da wurin tun suna gajeren wando.

Ni ba wanda ya nemi ra'ayina, alhali duk garin nan ba wanda gyaran ya shafa kamar ni. Ban taɓa hawa lilo ba, ba kuma da tsufana zan fara ba. Abin da ya dame ni Taya ce.

Taya suna ne da maigidana ya sa wa babban lilon nan mai kujeru, wanda ke ɗaga mutane sama ya zagayo da su ƙasa. Direban manyan motoci ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Ngawundere da Marwa har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Shofer yake ce masa, wato direba da Faransanci. Alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa tambayar kowa hanya ba. To 'yan shekarun nan mantuwa ta kama shi. Ta fara da hula da mabuɗi, ta ci sunayen jikoki, ta kai yakan idar da sallah ya sake tayarwa. Abu ɗaya ya rage masa da yake yi shi kaɗai. In an yi la'asar sai ya sa hula ya tafi rumfar abokinsa Jérôme, mutumin Mokolo da ke sayar da lemo da gyaɗa a bakin lambun, su zauna har rana ta yi sanyi, ya dawo kafin magariba. Ba ya gane titi yanzu, ba ya gane kantuna. Taya yake bi. Daga ƙofar gidanmu ana hango ta sama da bishiyoyin dalbejiya. In zai tafi ya fuskance ta, in zai dawo ya ba ta baya, titi ya miƙe da shi har zaurenmu.

Babban ɗana da ke Duwala ya daɗe yana matsa min in sa wa ƙofa kwaɗo kafin wani abu ya faru. Na ce masa ranar da ubanku ya ɓata zan rufe, kafin nan ba mai rufe min miji. Na san halinsa. Mutumin da ya saba da hanya, in ka kulle shi, ba ciwo ne zai kashe shi ba.

Sai ga shi wata safiya an kawo ƙugiya an kwance Taya, ƙarfe bayan ƙarfe.

Da la'asar ya sa hularsa ya fita. Ina leƙensa ta zaure. Ya tsaya a bakin ƙofa yana duban sama, ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duban sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya dawo ya zauna a kan tabarma ya cire hular ya ce, "Yau hanya a rufe take." Washegari ma haka, wanshekare ma haka. Nafisatu ta ce bari ta kama hannunsa ta kai shi, ya fizge ya ce shi ba makaho ba ne. Jérôme ya aiko mai babur ya ɗauko shi, ya ce bai taɓa zama a bayan wani direba ba, ba kuma a kan wannan ɗan tsakon zai fara ba. Ya rage cin abinci, ya rage magana. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Da abin ya ishe ni na yafa mayafi na tafi rumfar Jérôme da kaina. Nan na ga masoyan da idona. Sun jera benci a gindin kwanon, kowa ya samu ramin ƙusa ya kafa ido yana kallon leburori. Mutum na kwaɓa siminti a ciki, a waje manya goma na yanke masa hukunci. Shugaban 'yan tsoho Bilya ne mai ɗaukar hoto, wanda rabin yaran garin nan shi ya ɗauke su a bakin dorina. Ta 'yan sabo kuwa Pascaline ce, malamar makaranta, doguwa mai murya kamar tana gaban allo.

"Shantiye ne ake yi, Bilya, aikin gini, ba jana'iza ba," in ji ta lokacin da na iso. "Ƙarfen nan ya girme ka. So kake sai ya faɗo da 'ya'yan mutane?"

"Madam, ke ko tsohuwarki aka ce za a canza miki da sabuwa mai fitila, yarda za ki yi."

Jérôme ne ya hango ni ya miƙe ya share min kujera. "Hajiya Kaltumi, jam na, kina lafiya? Yaya Abdulbaƙi? Kwana biyu kujerarsa sai ƙura." Shi kaɗai ya rage mai kiran maigidana da sunansa na yanka.

Ban zauna ba. Na ce musu su da suke da bakin magana har rediyo ke kiransu, su gaya min inda aka kai Taya. Bilya ya yi farat ya ce madalla, ga Hajiya ta shigo 'yan tsoho. Na ce masa ni ba 'yar kowa ba ce, in sun ga dama su kafa tsuntsun ƙanƙara, su kafa har da matarsa, ni dai mijina ya daina fita. Na ba su labari kaf. Duk sun san Shofer, kullum yana zaune a cikinsu yana ɓare gyaɗa, ba wanda ya taɓa tunanin yadda yake zuwa da yadda yake komawa.

In faɗi gaskiya, sun yi ƙoƙari. A karon farko 'yan tsoho da 'yan sabo suka haɗa baki a kan abu ɗaya. Suka cika waya da rubutu, suka je rediyo, suka tare injiniyan aikin a bakin ƙofa har sai da ya rantse cewa gyara aka kai Taya ba gwanjo ba, kuma ita za a fara mayarwa kafin komai. Ya cika alkawari. Ba a yi wata biyu ba ta tashi, fes da sabon fenti, ta ma fi da tsayi. Sai dai ba a inda take aka mayar da ita ba. An kai ta can ɗaya ƙarshen lambun, wai don wanda ya hau ya hango kogin Binuwai ya sha iska. Masoya suka yaba. Bilya da kansa ya ce wannan kam 'yan sabo sun yi kai. Ni ma na yi murna, don ban ga abin da ke tafe ba.

Ranar da ya hango ta sama da dalbejiya, ko la'asar bai bari ta yi sosai ba ya nemi hula. Tafiyar ba ta ba da wahala ba, ya fuskance ta ya bi, ya ɓullo ta wani gefen kwanon, masoya suka gan shi suka yi ta gaisuwa har rumfar Jérôme. Dawowar ce. Ya tashi ya ba Taya baya kamar kullum. Da can in ya yi haka titin gidanmu ne a gabansa. Yanzu titin gada ne, inda manyan motocin Ngawundere ke wucewa ba sa kallon na ƙasa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Pascaline ce Allah ya kawo. Tana kan babur za ta gida ta hango shi can ya yi nisa, yana tafe a gefen kwalta, iskar motoci na kaɗa masa riga. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta sauka ta sha gabansa ta ce, "Baba, ka ɓata hanya, zo in mayar da kai." Ya dube ta sama da ƙasa ya ce ita wace ce da za ta koya masa hanyar Ngawundere, ya ratse ta ya wuce. Can ta tuna tana yarinya, in sun sauko daga dutse ita da uwarta da buhun wake a ka, yadda suke tsayawa bakin hanya su roƙi direbobi. Ta bi shi da sauri ta sassauta murya.

"Shofer, don Allah ka rage min hanya."

Ya tsaya cak. "Ina za ki?"

"Unguwar Hausawa, wajen masallacin nan mai koren ƙofa."

"Ai kin baro ta a baya, 'yata. Mu je."

Ya juya da kansa. Tana gefensa, in sun zo mararraba sai ta ce, "Nan nake bi, Shofer," ya ce ya sani, ya karya. Har ƙofar gidanmu. Ya shigo yana faɗa wai mutanen yanzu ba su san gari ba, mace da girmanta ta tsaya a titin gada tana neman unguwar Hausawa. Ran nan ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Daga nan masoya suka mayar da abin aiki. Kullum in ya miƙe zai tafi, sai wani ya tashi ya karkaɗe riga ya ce, "Shofer, a rage min hanya." Bai taɓa cewa a'a ba, don a zamaninsu direban kirki ba ya barin mutum a bakin titi. Da yake ba sa iya yin komai ba gardama, har a kan wannan sai da suka yi, 'yan tsoho na cewa 'yan sabo sun fi samun juyin raka shi. Kuma kowane fasinja da nasa wa'azin. Tun daga rumfa har gida yake cika masa kunne, shi kuwa ya shigo min da abin da aka ɗora masa na ƙarshe. Ran Litinin ya ce min fasa dorinar nan cin amanar gari ne. Ran Talata ya ce dorina ta tsufa, yara na son sabon abu, ni ce dai ban waye ba. Ran Laraba ya tambaye ni ko na san tsuntsun nan na ƙanƙara mace ɗaya yake aure har ya mutu, ya ce tsuntsu mai mutunci irin wannan ai a kafa shi. Ina jin ra'ayinsa na san wanda ya rako shi. Na kira ɗana na Duwala na ce ya ajiye zancen kwaɗo.

Haka muka ci damina. Dorina dai ba a fasa ta ba, ba a kuma fente ta ba, an lulluɓe ta da tamfol an bar kowa da zulluminsa.

Sai ranar gwajin Taya. Injiniya, don ya samu lafiyar kunnensa, ya ce masoya su ne za su fara hawa kafin a buɗe wa gari. Nafisatu tun azahar ta ci kwalliya ta fice. Ni ina gida ina jiran dawowar Shofer, na ga inuwa ta haye katanga, lokacinsa ya yi ya wuce. Na leƙa waje. Taya na juyawa a hankali sama da bishiyoyi, kujerunta cike da manyan banza suna ɗaga hannu. Nan take na gane. Duk sun hau, har Jérôme, kowa na zaton wani ne ke da juyin yau. Ban tsaya zagin kowa ba, na ajiye shi sai na dawo. Na ja mayafi na fita, ban ma tsaya neman takalmin kirki ba.

Na same shi a mararrabar da ke gaban rumfa. Ya ba Taya baya, fuskarsa na titin gada, yana duban hagu da dama kamar mai jiran wani. Ya ɗaga ƙafa zai sauka kwalta ke nan na iso.

Na tsaya a gefensa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa jerawa da shi a titi ba. Mu a namu zamanin ba a yi. In tafiya ta kama, yana gaba da nisa ina baya, ko ya riga ni ko in riga shi. Ya san ni a tsakar gida, ya san ni a bakin murhu, bai san ni a bakin titi ba. Ya dube ni cikin mayafi, na ga idonsa ya wuce ni kamar yadda yake wuce kantuna. Abin ya soke ni, ko da yake na san ba laifinsa ba ne. Na ce, "Shofer, ko za ka rage min hanya?"

"Ina za ki, Hajiya?"

"Gidan Kaltumi, wajen masallaci mai koren ƙofa."

Fuskarsa ta washe. "Ai gidana ne. Matata ce. Mu je, kin samu mota."

Muka kama hanya, kafaɗata kusa da tasa. Ya koma ta ɓangaren motoci ya bar ni ta ɓangaren kwata, ko da babur ya taho sai ya miƙa hannu ya tare ni. Na ce nan nake bi, ya ce ya sani.

"Kin daɗe da sanin ta?" ya tambaye ni.

Na ce tun muna yara.

"To kin san faɗa. In ta fara, rediyon mota ma sai ya yi shiru." Ya yi dariya shi kaɗai. Muka ɗan taka. "Amma duk daren da na kwana a hanya, ban taɓa tunanin gida da fargaba ba. Na san tana nan. Direbobi da yawa ba su samu haka ba."

Na gyara mayafina, muka ci gaba da tafiya.

"Abu ɗaya ke damuna," in ji shi. "Na ɗauki shanu, na ɗauki auduga, na ɗauki mutanen da ban san sunansu ba. Ita ban taɓa sa ta a motata ba. Kullum ina cewa wannan zuwan zan kai ta Ngawundere ta ji sanyin can, ta ga jirgin ƙasa. Kullum kaya sun yi yawa." Ya waiwaya ya nuna Taya da haɓa. "Sun ce daga saman can ana hango gada da hanyar har ta ɓace. In sun gama gyare-gyarensu zan kai ta ta hau. Ko ba komai ta ga inda nake bi."

Na samu na ce, "Za ta yarda kuwa?"

"Za ta yi faɗa tukuna. Ta ce da tsufanta, ta ce mutane za su gani. In ta gama sai ta ɗauko mayafi."

Muka iso ƙofa ana shirin kiran magariba. Ya ce nan motarsa ke tsayawa, in shiga in sha ruwa in gaisa da ita, shi zai yi alwala a zaure. Na shige ciki. Na cire mayafin na rataye, na wanke fuskata a bakin randa, na ɗebo ruwa a kofinsa na kawo masa. Ya karɓa ya sha, ya leƙa bayana.

"Kaltumi, ina baƙuwar da na kawo miki?"

"Mun gaisa. Ta wuce, sauri take yi."

"Kash. Da kin riƙe ta ta ci abinci. Mace mai hankali, tun daga lambu har nan ba ta katse ni ko sau ɗaya ba. Kuma ita kaɗai ce ba ta ce min komai a kan dorinar nan ba."

Na karɓi kofin daga hannunsa, na gyara masa hular da ta karkace. Na ce masa kada ya damu, ta ce gobe ma tana bakin hanya.